Bakin Tekun Labadi da Hutun Yara

Idan makarantu suka tashi dogon hutu a Gana, iyalai da yawa daga Nima da Mamobi da Sabon Zango sukan kwashi yara ranar Asabar ko Lahadi su nufi bakin tekun Labadi, a gabashin birnin Akara. Sau da yawa akwai baƙi a cikin tafiyar, 'yan uwa da suka sauko daga Kumasi ko Tamale, wasunsu ba su taɓa ganin teku ba. A biya kuɗin shiga, a kama rumfa, a ɗora yara kan doki, a sayi tsire da ruwan kwakwa, makaɗa suna ta aikinsu. Wannan ne ya sa ake kiran wurin da wurin iyali. Amma abin da ya kamata uba ko uwa su fara dubawa kafin su shimfiɗa tabarma shi ne ruwan kansa, da kuma wanda zai tsare yaran a gabansa.

Gaɓar da ta taso daga Akara ta bi ta Lome zuwa Kwatano tana fuskantar Tekun Atlantika kai tsaye, kuma igiyar ruwa tana dukanta da ƙarfi. Watannin Yuli da Agusta, wato tsakiyar hutu, su ne lokacin da ruwan ya fi sanyi da tashin hankali. Ruwan da igiya ta turo kan yashi dole ya koma, kuma yakan taru ya koma ta wata 'yar siririyar hanya da gudun da gwanin ninƙaya ma ba ya iya cimma. Abin da ke ruɗar baƙo shi ne wannan hanyar ta fi ko'ina kama da wuri mai aminci: igiya ba ta fashewa a wurin, kumfa kaɗan ce, ruwan ya ɗan yi duhu ya kwanta. Uwa mai tausayi takan ce wa ɗanta ya matsa can inda babu igiya, alhali can ne hatsarin yake.

Wanda ya koyi iyo a kogi ko tafki yakan ɗauka ya gama sanin ruwa. Kogi hanya ɗaya yake bi, ana ganinta da ido. Teku kuwa yana turowa yana ja, yana zare yashi daga ƙarƙashin ƙafa, kuma inda ruwa ya tsaya a gwiwa da safe yana iya kaiwa ƙirji da yamma. Dogayen tufafi ma suna ƙara nauyi idan sun jiƙe, don haka mace mai doguwar riga da hijabi gara ta tsaya inda ruwa bai wuce idon sawu ba. Duk wanda ruwa ya ja, kada ya yi kokawa da shi yana neman komawa gaɓa kai tsaye. Ya kwanta a kan ruwan ya ɗaga hannu, ko ya yi iyo ta gefe, daidai da tsawon gaɓa, har ya fita daga hanyar.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum 300,000 ne suka nutse a shekarar 2021, kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. A shekarar ce Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 25 ga Yuli a matsayin ranar yaƙi da nutsewa. Yaro ba ya ihu idan yana nutsewa, domin numfashin da zai yi ihun da shi ne yake nema. A taron mutum goma kowa yakan zaci wani ne ke kallo, ko a bar wa yayarsu 'yar shekara 12 ƙanne huɗu. Abin da ya dace shi ne a sa babba guda, a ambaci sunansa, ya ajiye waya, ya tsaya inda hannunsa zai kai ga ƙaramin yaro, sannan a karɓe shi bayan ɗan lokaci.

Wasu iyaye suna ganin mafita ita ce a hana yara zuwa teku gaba ɗaya. Wannan bai isa ba, domin yaron da ya tashi a Akara zai je wata rana tare da abokansa, babu babba kusa, kuma bai san komai game da ruwan ba. Gara ya fara saninsa yana riƙe da hannun mahaifinsa. A tambayi masu ceto idan suna nan, a tambayi masunta, su da suke karanta ruwan kullum, inda ya kamata a shiga da inda za a kauce wa. Idan suka ce yau ruwa ba shi da kyau, a yarda da su. Yashi da doki da ƙwallo sun isa su cika wa yaro yini, a koma gida da magariba kowa yana nan.