Darnin gida a bakin teku: gishiri na cin ƙarfe

Da an gama girbi an cika rumbu, samari da magidanta da yawa daga Tawa, Maraɗi da Damagaram suna ɗaukar jaka su nufi kudu. Wasu su tafi Kwatano, wasu Lome, wasu Abijan, Akara ko Legas. Akwai masu dawowa da faɗuwar ruwan farko. Akwai kuma waɗanda zama ya kama su can, suka yi shekaru suna saida nama, albasa ko takalma, har Allah ya hore masu ɗan fili. Abu na farko da mutumin ƙasarmu ke yi in ya samu fili shi ne ya kewaye shi, domin darni shi ne suturar iyali. To, a nan ne kuɗɗin mutane da yawa ke nutsewa. Mu a ganinmu, wanda ya kewaye gida a bakin teku da dabarar da ya taso da ita a nan, sai ya yi aikin sau biyu.

Ƙasar ba ɗaya ba ce. A Maraɗi ruwan sama na shekara wajen milimita 500 ne, kuma cikin wata uku ko huɗu ya ƙare. Daga nan rana da iskar hunturu su busar da komi. A Kwatano ruwan ya kai wajen milimita 1,300, na Abijan ya fi haka. Damanarsu biyu ce: babba daga watan Afrilu zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba. Ko ranar da ba a yi ruwa ba, iska tana da laima, rigar da aka shanya takan wuni ba ta bushe ba. Katangar laka da ke shekara ashirin a Damagaram da ɗan yaɓe, can sai ta jiƙe daga gindi ta zube.

Amma babban abokin gaba shi ne gishiri. A cikin lita ɗaya ta ruwan teku akwai gishiri wajen giram 35, watau kamar babban cokali biyu. In igiyar ruwa ta bugi gaɓa, sai ta watsa feshi ƙanana da ido ba ya gani. Iskar da ke tasowa daga teku ta kwashe su ta kai cikin gari, ta shafa ma kwano, waya da ƙyaure. Gishiri kuwa yana jawo laima, ya riƙe ta bisa ƙarfe dare da rana, sai tsatsa ta kama. Ku duba Lome da Akara: ruwan samansu bai fi na Gaya da yawa ba, amma ƙarfe can yana lalacewa da sauri ƙwarai. Gidan da ya fi kusa da gaɓa shi ya fi shan wuya, kuma gefen da ke kallon teku shi ke fara yin ja.

Saboda haka muke cewa kada a yi gaggawar sayen kwano marar kauri ko waya mai araha don kewaye gida. Mun sani, su ne aljihu ke iya ɗauka, kuma cikin yini ɗaya an gama aiki. Sai dai kafin a jima gindin kwanon ya huhhuje, awakin maƙwabta su samu ƙofa. In dole sai ƙarfe, a nemi wanda aka tsoma cikin wani farin ƙarfe da ke kare shi daga tsatsa. Masu saida kayan gini suna ce masa galba. Ya fi tsada, amma ya fi daɗewa nesa ba kusa ba. Kuma a kula: ƙusa, waya da maratayin ƙyaure su ma su zama galba. Mene ne amfanin kwano mai kyau in ƙusar da ta riƙe shi ta rube? Wurin da aka yi walda kuma, wuta ta ƙone wannan kariya, don haka nan tsatsa ke fara shiga. A goge shi a shafa fentin hana tsatsa tun ranar, kada a bari sai gobe.

Mai ɗan hali yakan ce shi katangar siminti zai yi, ya huta. Gaskiya ne ta fi ƙarko, in an yi ta yadda ya kamata. Amma mu tsaya nan kaɗan, don a nan ake cutar mutane.

Cuta ta farko ita ce rairayi. Rairayin bakin teku yana da kyan gani, ga shi kusa, amma cike yake da gishiri. In aka kwaɓa siminti da shi, gishirin zai zauna cikin gini yana cin ƙarfen da ke cikin ginshiƙi. Ƙarfe in ya yi tsatsa kumbura yake yi, ya fasa simintin daga ciki. Mai gida zai ga tsaga a tsaye, da jan ruwa yana gangarowa, daga baya ɓangare ya ɓalle. A ƙasar Benin gwamnati ta hana ɗibar rairayin bakin teku tun shekarar 2008, saboda teku yana cin ƙasa yana rushe gidaje, musamman gabas da tashar jiragen ruwa ta Kwatano. Wanda ya sayi irin wannan rairayi ya taka doka, ya kuma cuci kansa. A tambayi mai mota inda ya ɗebo. Ruwan kwaɓi ma a ɗanɗana shi, don rijiyoyin kusa da teku da yawa suna da gishiri-gishiri. Ruwan da ba ka iya sha, kada ka ba siminti.

Ta biyu, rowar siminti. Tubalin da ka murza da yatsa ya zuba, ba tubali ba ne. A tsaya kan magini ya rufe ƙarfen ginshiƙi da siminti mai kaurin santimita 4 zuwa 5 ta kowane gefe, ya sa ginshiƙi kowace mita 3, a kuma yi ta yayyafa ma ginin ruwa har kwana 7.

Ta uku ita ce wadda ke kashe rai. Mutum ya ja katanga doguwa bai bar ma ruwa hanya ba. A yi ruwa kamar da bakin ƙwarya cikin dare, ya taru bayan katanga, ƙasa ta jiƙe, tushe ya saki. Sau da yawa a manyan garuruwan bakin teku, katanga ce ke faɗa ma ɗakin katako na maƙwabci talaka, mutane suna barci. A bar ƙananan kafofi a gindin katanga don ruwa ya wuce, a riƙa share su. Katangar da ta fara karkata kuma, kada a tokare ta da icce a ce sai bayan damana. A hana yara zama ƙarƙashinta, a sauke ta.

Da za a tambaye mu, ga mai ƙaramin ƙarfi da mai zaman haya, sai mu ce ya dubi abin da ƴan ƙasa ke yi. Masunta na bakin teku a Togo, Benin da Gana suna saƙa ganyen kwakwa su kewaye gida, kamar yadda muke yi da zana. Gishiri ba ya cin sa, iska tana ratsa shi ba ta kada shi, in ya tsufa a canza da kuɗɗi kaɗan. Wasu daga cikinmu suna jin kunyar haka, wai kada a ce sun yi shekara goma a waje sun kewaye gida da ganye. Mu kuwa ba mu ga abin kunya ba. Dirkoki dai su zama na icce mai ƙarfi, irin su tek da ake dasawa da yawa a Benin da Togo, ko azarar giginya da muka sani tun gida, wadda gara ba ta cika damu ba. Gindin dirka shi ke fara ruɓewa, don haka a kafa shi cikin ɗan siminti da ya ɗara ƙasa tsawo, a karkata samansa don ruwa ya zurare.

Abin da ya fi duka shi ne darni mai rai. Ruwan da ke rusa laka shi ne ke raya icce. Reshen aduruku in aka kafa shi da damana sai ya kama, mutanen kudu sun daɗe suna shata iyakar gida da shi. Zogale ma haka, ga ganyen miya. Bini-da-zugu yana kamawa da sauri, dabbobi ba su cin sa, amma ƴaƴansa guba ne, gidan da ke da ƙananan yara a bar shi. Sai dai a yi shawara da maƙwabci kafin a dasa, a kuma dasa cikin filinka, don rigimar iyaka a waɗannan garuruwa ba ta da daɗi, balle ga baƙo.

Akwai batun lafiya da ba mu so mu wuce. Ana jera fasassun kwalabe bisa katanga don tsoron ɓarawo. Gindin kwalba yana tara ruwan sama, haka ma ramin tubalin da ba a rufe samansa ba. Cikin irin wannan ɗan ruwa ne sauron da ke kawo shawara da zazzaɓin dengi yake haihuwa. A cike ramukan da siminti. Baƙin man mota da ake shafa ma dirka don gara, a bar shi: a Kwatano ruwan rijiya yana kusa ƙwarai, man zai gangara ya iske shi. Wani jan fentin hana tsatsa kuma yana da dalma a ciki, wadda ke lalata ƙwaƙwalwar yaro, a tambayi mai kanti marar dalma. In tsohon kwano ko waya ta yanki mutum, a wanke da ruwa da sabulu, a tafi likita a tambayi allurar tetanos, ciwon nan da ke sandarar da jiki ya ɗaure haƙora. Ƙwayarsa cikin ƙasa da kashin dabbobi take, ta rauni take shiga.

Kula da darni ba shi da wuya. Sau ɗaya a wata a wanke ƙyaure da duk wani ƙarfe da ruwan daɗi, musamman ƙarƙashi da lunguna inda ruwan sama ba ya kai, don nan gishiri ke taruwa. A ɗiga ma maratayi da kwaɗo ɗan mai. A janye ƙasa da shara daga gindin darni. Lokacin fenti shi ne daga Disamba zuwa Fabrairu, sa'ad da ruwa ya ɗauke, iskar hunturu tana kaiwa har can. A kankare tsatsa sai farin ƙarfe ya fito, a wanke, a bari ya bushe, sannan a shafa. Fenti bisa tsatsa ɓarnar kuɗɗi ce.

Ku da ke gida, in ɗanku ko mijinki ya kira ya ce ya samu fili zai kewaye, ku karanta masa wannan shafi. Ku tambaye shi tazarar filin da teku, da inda za a ɗebo rairayi, da inda ruwan sama zai bi ya fita.