Gauraka Ta Bar Fadama, Wa Ya Kore Ta?

Idan aka ce a kashe kuɗi a gyara fadamar Haɗejiya da Nguru saboda tsuntsaye, amsar da ake samu ɗaya ce: "Mutum bai ƙoshi ba, za a yi ta tsuntsu?" Maganar tana da daɗin ji, amma masunci a Nguru ya san abin da ya kori tsuntsun shi ne ya rage masa kifi.

A da, da damina kogin Haɗejiya da na Jama'are sukan cika su malale fadama. Da kaka ruwa ya janye, manomi ya bi danshi da shuka, makiyayi ya shigo da shanu, agwagin ruwa kuma su tsallako Sahara daga Turai su yi hunturu a tafkin Dagona. Wannan taro na tsuntsaye ne ya kawo Yarima Philip na Ingila wurin a 1989.

Aka gina madatsar Tiga a 1974, ta Challawa a 1992. Kano ta samu ruwan sha da noman rani, ba wanda ke musun wannan. Sai dai ambaliyar damina ta ragu, ruwan da ake saki kuma ya koma yana zuwa kaɗan-kaɗan duk shekara, har ƙasan kogi ya daina bushewa da rani. Abin da kachala ke so ke nan. Ciyawa ce da ke fin mutum tsawo, saiwarta ta sarƙe cikin laka, ta tare yashi har hanyar ruwa ta toshe. Mai kwalekwale sai ya sa adda kafin ya wuce. Da ta cushe kogin Burum Gana, ruwa ya karkata ta hanyar Marma ya shanye gonakin wajen Nguru, wasu garuruwan kuma suna kallon fako. Abin takaici, tsuntsun da ya ji daɗin kachala shi ne jan baki, wanda ke kwana cikinta ya wayi gari a gonar shinkafa. Gauraka kuwa, mai tukku kamar zinariya, yau ganinta sai an dace. Masu kama ta su sayar wa gidajen manya ma da nasu alhakin.

An sa tafkin Nguru cikin yarjejeniyar Ramsar ta kare fadamu a 2000, Dagona da fadamar Baturiya a 2008. Takarda ba ta yanke ciyawa. Mutanen ƙauyuka sun sha fitowa gayya suna sare kachala da hannu, ruwa iya ƙirji, shekara ta zagayo ta sake tofowa, domin maganinta yana can sama, hannun masu buɗe ƙofar madatsa.

Nan ne maganar hakki ta shigo. A Musulunci ruwa yana cikin abubuwan da jama'a ke tarayya a kansu, don haka zama a kan kogi bai ba na sama ikon manta na ƙasa ba. Ya kamata hukumar raya kogunan Haɗejiya da Jama'are ta riƙa sakin ruwa mai yawa da damina, ta rage da rani har hanyoyin su bushe. Gwamnatocin Jigawa da Yobe su yashe magudanun, a kuma biya masu gadin Dagona a kan lokaci, domin ma'aikacin da ke bin bashin albashi ba zai tare mai bindiga ba.