Kafin Mu Kai Badagry, Mu Fara Kai Yara Yawuri

Tun da aka ƙaddamar da aikin babbar hanyar Sakkwato zuwa Badagry a watan Oktoba na 2024, hirar teku ta shigo majalisunmu a nan Zuru. Hanya ce mai tsawon kilomita 1,068, kilomita 258 daga ciki za su ratsa Jihar Kebbi, ta je ta tuƙe a bakin Tekun Atlantika. Ma'aikata da 'yan kasuwa masu ɗan abin hannu sai lissafi suke yi: in Allah ya nuna mana ƙarshen aikin, a zuba iyali a mota a miƙe har inda ƙasa ta ƙare, yara su taka yashi, su ga igiyar ruwa da idonsu, a ɗauki hoto. Ni ma ina da wannan buri. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yawancin masu wannan lissafi 'ya'yansu ba su taɓa tsayawa a bakin Kogin Kwara a Yawuri ba. Ga shi kuwa in ka yi sammako daga Zuru, ka bi ta Dabai da Mahuta ka faɗa Koko, a Yawuri za ka yi azahar.

Mu mutanen ƙasar Zuru mun san teku, sai dai a bakin aiki muka san shi. Kakanninmu sun gan shi daga kan jirgin soja sa'ad da aka kwashe su zuwa Bama a Yaƙin Duniya na Biyu. Iyayenmu da yayyenmu sun gan shi a Laberiya da Saliyo a shekarun 1990, bindiga rataye a kafaɗa. Da wuya ka shiga unguwa a garin nan ka rasa tsohon sojan da zai ba ka labarin Apapa ko Fatakwal har dare ya raba. To amma je ka tambayi matar da aka bari a gida tana fama da gona da yara, ita me ta gani? Tafiyar da mace da yaro suka sani a wurinmu ba ta wuce biki, ta'aziyya, asibiti da komawa makaranta ba. Fita don kawai a ga wuri, ana ɗaukarta aikin Turawa ko na wanda kuɗi suka yi wa yawa. Maigida ya kewaye rabin Afirka, uwargida ko Koko ba ta sani ba, kuma ba wanda ya ga laifi a ciki.

Ni malamin makaranta ne, labarin ƙasa nake koyarwa. Kowace shekara sai na zana Kogin Kwara a allo, wanda littattafanmu ke kira Neja. Yara su haddace cewa tsawonsa ya kai kilomita 4,180, ya taso daga tsaunukan Gini, ya bi ta Bamako da Tumbutu da Gawo da Yamai, ya shigo Najeriya ta jiharmu, ya haɗu da Binuwai a Lokoja. Suna cin jarrabawa da wannan hadda. Amma ruwa mafi girma da yawancinsu suka taɓa gani shi ne rafin bayan gari in ya kawo da damina. Yaron da bai taɓa ganin ruwan da ya fi ƙarfin a tsallake shi ba, me kilomita 4,180 ke nufi a kansa?

Da hutun sanyi na taɓa kwashe nawa iyalin muka je Yawuri. Mun baro Zuru rafuka sun ƙafe, ƙura ta tare sama, ƙafafun yara duk kaushi. Da muka gangara mashigar jiragen Yawuri sai ga kogi cike taf, ruwan ya kwanta, ana hango tsallake da ƙyar cikin hazo. Babban ɗana ya tsaya yana kallo, can ya ce, "Baba, a ina aka yi ruwan sama?" Wani dattijon masunci da ke ɗinkin taru a gindin bishiya ya riga ni amsawa. Ya ce, "Ɗana, wannan ba ruwanmu ba ne, baƙo ne daga yamma. Kowace shekara da sanyi yake isowa." Gaskiyar dattijo. Kwara sau biyu take kawo ruwa a wannan yanki. Na farko shi ne na daminarmu, wajen Agusta da Satumba, fari mai laka, wanda Gulbin Sakkwato da sauran rafukan kusa ke zubowa. Na biyu kuwa ruwan saman da aka yi a Gini ne, wanda yake bazuwa a cikin fadamun Mali tsakanin Segu da Tumbutu, ya sauke lakarsa a can, ya yi watanni yana jan jiki, sai ya iso mana tsakanin Disamba da Fabrairu, ya tace har yana duhu. Na sha faɗin wannan a aji ana hamma. A ranar yaron nan bai bar ni da tambaya ba har muka kwana.

Uwargida kuwa kasuwar kifi ce ta tafi da ita. Ga mata sun jera tarwaɗa a naɗe a kan waya suna banda, hayaƙi na shiga ido. Ga ƙananan kifayen nan da ake kira warangi an shanya su a rana suna ƙyalli. Ga karfasa, ga ƙurungu, ga giwan ruwa da sai mutum biyu suka kama aka ɗora a kan tebur. Tana tsaye tana ciniki, kwale-kwale na ta isowa da buhunan albasa daga gungu-gungu, samari na tsalle cikin ruwa iya gwiwa suna saukewa. Ta juyo ta ce da ni, "Malam, ashe kifin da muke saye da tsada a gida nan ne mahaifarsa?" Mun dawo da kwali guda na busasshen kifi, kuma rangwamen da ta samu ya rage mana wani abu daga kuɗin mota.

Shi wannan bakin ruwa tarihi ne shimfiɗe. Ta nan Mungo Park ya wuce da jirginsa kafin ya halaka a Bussa a 1806. A nan Yawuri 'yan'uwan nan biyu, Richard da John Lander, suka yi makonni a 1830 suna neman takardunsa, sannan suka gangara har suka tabbatar wa Turai cewa a teku kogin yake ƙarewa, abin da masu jiragen wurin ba su taɓa buƙatar a gaya musu ba. A 1968 aka kammala madatsar Kainji, ruwa ya taru ya zama tafki mai faɗin fiye da murabba'in kilomita 1,200, ya haɗiye tsohon garin Bussa da ƙauyuka masu yawa, aka tashi mutum kusan 44,000 aka sake musu matsuguni. Gungawa, waɗanda kaka da kakanni a tsibiran kogin suke, da yawansu sun rasa gonakinsu da kaburburan iyayensu don ƙasa ta samu lantarki. Wutar da muke gani jefi-jefi a Zuru, akwai waɗanda suka biya ta da garuruwansu, kuma ya kamata yaro ya ji wannan yana kallon ruwan da ya rufe su.

Na san abin da mai karatu zai ce: ana ta kai, wa ke ta kaya? Mutanen Danko-Wasagu da Sakaba sun shekara da shekaru ba su yi barci da ido biyu ba saboda 'yan bindiga. A watan Yuni na 2021 aka shiga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri aka kwashe ɗalibai da malamai, wasu sai bayan kusan shekara biyu suka ga gida. Wanda ya ce bai yarda ya fita da iyalinsa ba, ba zan kira shi matsoraci ba. Ni kaina ba zan ba kowa shawara ya nufi dajin Gandun Kainji da yara a halin da ake ciki ba, ko ya kama hanya bayan la'asar, ko ya tashi bai tambayi direbobin tasha labarin hanya ba. Amma fa hanyar nan ta Koko kullum a cike take. Muna bin ta zuwa biki, muna bin ta zuwa Birnin Kebbi neman ƙarin girma ko bin sawun fansho, muna tura yara su bi ta zuwa makaranta su kaɗai. Sai in an ce a je a ga kogi ne muke tuna tsaro. Maganar kuɗi ma haka take. Gidan da ke iya yin anko sau da yawa a shekara zai iya kai yara Yawuri sau ɗaya.

Inda nake da ƙorafi na gaske shi ne a bakin ruwan kansa, domin ba a shirya shi don baƙo mai iyali ba. A inda muka sauka ba mu samu wurin zama mai inuwa ba, ba mu samu bayan gida da mace za ta shiga da mutuncinta ba, ba allo ko ɗaya da ke faɗa wa baƙo abin da yake kallo. Leda da robar ruwa sun yi wa gaɓar kwalliya. Yara suka matsa sai an shiga jirgi, na tambayi wani mai kwale-kwalen inji ko yana da rigar ruwa. Ya yi dariya ya ce, "Haba Malam, a ruwan nan aka haife mu. Ku shigo, Allah ne ke tsarewa." Na ce masa shi aka haifa a ruwa, nawa 'ya'yan a kan dutse aka haife su. Ba mu shiga ba, aka yi ta kuka a mota, ban kuma yi da-na-sani ba.

Duk ɗan jihar nan ya tuna 26 ga Mayu, 2021, ranar da jirgin da ya ɗauko mutum sama da 150 ya nutse a kusa da Wara, cikin Ƙaramar Hukumar Ngaski. Aka kwana da kwanaki ana tsamo gawa, mata da yara a ciki. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne, kuma ba su canza ba: tsohon jirgin katako, lodin da ya wuce ƙima, mutane da babura da buhuna a cakuɗe, kututturan itatuwan da tafkin ya shanye suna nan a ƙarƙashi suna jiran cikin jirgi, ga tafiyar dare. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, wato NIWA, tana da doka a kan rigar ruwa da lodi da tafiyar dare. Akan raba riguna bayan kowane hatsari, a ɗauki hoto, a watse. Abin da ake bukata mutum ne a tsaye a mashiga kullum, wanda zai ƙirga kawuna, ya hana jirgi tashi in babu riga a jikin kowa, ko da mai jirgin ɗan gidan wane ne. In an yi haka, mutanen gungu da ke shiga jirgi kowace ranar kasuwa su ne za su fara cin moriya, kafin mu 'yan kallo.

Gwamnatocinmu sun ɗauka yawon buɗe ido shi ne biki. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya faro a 1934, UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 2016, kuma abin alfahari ne. Yawuri na da Rigata da tseren jirage, mu muna da Uhola. Amma biki kwana nawa ne? A kafa rumfa, manya su zauna a inuwa, talaka ya sha rana da turmutsitsi, a wuce, wurin ya koma kufai sai baɗi. Mai iyali ranar Asabar ta yau da kullum yake nema, ranar da ba gwamna ba jiniya. A Yamai na ga yadda magidanta ke fitowa da yamma su zauna a bakin wannan kogin dai, a sha shayi, yara na wasa, masu kwale-kwale na ɗaukar baƙi su kai su ganin dorina. Ba ruwansu ya fi namu ba, kujeru da tsabta suka fi mu. Kuma duk abin da na lissafa, rumfa da benci da bayan gida da riguna da mai tsaron mashiga, bai fi ƙarfin Ƙaramar Hukumar Yawuri ba in masarauta da gwamnatin jiha suka sa hannu. Mai Martaba Sarkin Yawuri, Dakta Muhammad Zayyanu Abdullahi, tsohon shugaban Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ne, ba sai an yi masa dogon bayani a kan amfanin yaro ya ga abin da yake karantawa ba.

Masu jiran Badagry kuma su sani, tekun Legas ya fara zama na mai kuɗi. Bar Beach da tsofaffin sojojinmu ke ba da labari ta tafi, an cike wurin da yashi ana gina birnin Eko Atlantic. Wani yanki na bakin tekun Landmark an rushe shi a 2024 don hanyar Legas zuwa Kalaba. Yawancin waɗanda suka rage sai ka biya a ƙofa, kai da kowane yaro. Namu bakin ruwan har yau kyauta ne, ba katanga.

Shugabannin makarantun Zuru su ma suna da rawar takawa. A shirya mota da rana, da izinin iyaye da shawarar jami'an tsaro, a kai 'yan aji shida su ga kogi. Makarantun Yawuri su rama ziyara, su turo nasu su hau duwatsunmu, su ga kadojin Girmace. Jiha ɗaya muke, amma yaran tudu da yaran ruwa ba su san juna ba.

Kai kuma maigida, hutun sanyi na tafe, lokacin da kogin ke cika. In hanya ta yi lafiya, ka ɗauki uwargida da yara ku yi sammako, ku tafi da tabarma da ruwan shanku. Ka hana su wanka a gefen ruwa saboda tsargiya, ka bar uwarsu ta yi cinikin kifinta a natse, ka bar su su yi wa masunta tambaya. Jirgi kuwa, in babu rigar ruwa daidai da kowane kai, ku tsaya a tudu ku yi kallo.