Kiɗan Ƙarfe da Shirun Sharaɗa

Kowace tsohuwar sana'a a ƙasar Hausa tana da kiɗanta. Mahauta suna da kalangu, manoma suna da gangar noma, maƙera suna da dundufa. 'Yan dambe sun samu Ɗan Anace, 'yan tauri da mafarauta sun samu Kassu Zurmi, har karen mota sai da Ɗan Maraya Jos ya waƙe shi da kuntiginsa. Amma ma'aikacin masana'anta, wanda ya yi shekaru yana sammako zuwa Bompai ko Sharaɗa ko Challawa, ya tashi ya faɗi ba a san shi da wani take ba. A wasu biranen masana'antu na duniya akasin haka aka samu, domin daga hayaniyar injuna da takaicin rufewarsu aka haifi kiɗa mafi kaushi da aka taɓa sakawa a faifai.

Labarin ya soma ne a Birmingham ta Ingila. Wani saurayi mai suna Tony Iommi yana da shekara 17 injin wata masana'antar ƙarfe ya datse masa kawunan yatsu biyu. Da yake bai yarda ya ajiye jita ba, sai ya ƙera wa yatsun huluna na roba, ya kuma sassauta tsirkiyoyin domin su daina cizonsa. Sassautawar ta sa amon ya yi ƙasa, ya yi nauyi. Ƙungiyarsa, Black Sabbath, ta fitar da faifanta na farko a 1970, kuma daga nan ake ƙirga tarihin kiɗan metal, wato kiɗan ƙarfe. Abin da ya shahara da shi shi ne gwaninta: dogayen waƙoƙi, sarrafa jita mai wuya, da ganga mai nauyi kamar saukar masaba a kan uwar maƙera.

Pank kuwa ya zo ne a tsakiyar shekarun 1970 yana yi wa wannan gwanintar tawaye. Ƙa'idarsa ita ce duk mai abin faɗa ya ɗauki jita ya faɗa, ko da bai ƙware ba. Reshensa mafi zafi, wanda ya bunƙasa a Amurka da Ingila a farkon shekarun 1980, ya kai gaggawa matuƙa. Faifan farko na ƙungiyar D.R.I. ta birnin Houston ya ɗauki waƙoƙi 22 cikin abin da bai kai minti 20 ba. Da farko ɓangarorin biyu ba sa ga maciji. 'Yan metal suna ganin 'yan pank ba su iya kiɗa ba, su kuma suna ganin 'yan metal sun iya kiɗa amma ba su da abin faɗa.

Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa, kuma nan ne sirrin faya-fayan da suka haɗa su. Ƙungiyar Discharge ta fito daga Stoke-on-Trent, garin masana'antun tangaran, ta saki faifanta Hear Nothing See Nothing Say Nothing a 1982, shekarar da marasa aikin yi a Birtaniya suka haura miliyan 3. Gajerun kalmomi ne kan yaƙi da zalunci, an ɗora su kan jita mai nauyin metal, kuma tasirinsa ya kai har Metallica ta sake rera waƙoƙin ƙungiyar. A 1986 Cro-Mags ta New York ta fitar da The Age of Quarrel, Bad Brains kuma, ƙungiyar baƙaƙen fata daga Washington, ta fitar da I Against I. A 1987 D.R.I. ta saki Crossover, wanda ya ba salon sunansa. Fushi tsagwaronsa yana gajiyar da kunne cikin minti kaɗan, gwaninta tsagwaronta kuma takan zama nuna isa. Da aka gama su, sai fushin ya samu tsari, gwanintar ta samu dalili.

Bahaushe bai kamata ya ji wannan baƙo ba. Wanda ya taɓa tsayawa a gidan dambe ya ga yadda kalangu ke tsuma ɗan dambe har jikinsa ya ɗauki rawa, ya riga ya san abin da matashin New York yake nema a gaban lasifika. Kiɗan maza ba a yi shi don daɗin kunne ba. Aikinsa shi ne ya tara zafin da ke cikin ƙirji, ya ba shi fili da iyaka da lokacin tashi. Makaɗin ma dole ya kasance gwani, domin hannun da bai ƙware ba ba ya tsuma kowa.

Kano tana da duk kayan haɗin da Birmingham ta samu. Bompai ta girme su, sannan Sharaɗa da Challawa suka biyo da masaƙu da majemu da kamfanonin roba da alewa da man gyaɗa. Daga tsarin gyaran tattalin arziki na 1986 naira ta karye, kayan gyaran injuna suka yi tsada, wutar lantarki ta gagara, atamfar waje mai araha ta mamaye Kantin Kwari. Masana'antu da dama suka rufe, wasu suka koma rumbunan ajiye kayan da aka shigo da su. 'Ya'yan waɗancan ma'aikata su ne yau suke tuƙa adaidaita sahu a kan titunan da iyayensu suka bi da keke. Waƙar da ta fi cika musu kunne kuwa ta soyayya ce, ko ta biki, ko ta yabon 'yan siyasa. Da wasu suka gwada ɗaga murya, ba su ji da daɗi ba: a 2009 wata kotu a Kano ta haramta waƙoƙi 11 a lokaci guda.

Masu ƙyamar wannan kiɗa suna da hujja, kuma bai dace a raina ta ba. Akwai ƙungiyoyin metal da suka yi ado da hotunan shaiɗan, akwai masu baitocin wariya da batsa, akwai shaye-shaye. Mai tarbiyyar Musulunci yana da 'yancin ya juya musu baya. Sai dai kayan ado daban, gangar jiki daban. Daga cikin pank ɗin nan ne ƙungiyar Minor Threat ta assasa a 1981 wata aƙida ta ƙaurace wa giya da ƙwaya baki ɗaya. A Togo, Arka'n Asrafokor ta ɗora metal kan gangunan gargajiya da harshen Ewe. A maƙwabciyarmu Nijar, Mdou Moctar, Buzu kuma Musulmi, ya ɗauki jita mai ƙara ya zagaya duniya da Afrique Victime a 2021 da Funeral for Justice a 2024, yana tuhumar Faransa da masu kwasar arzikin ƙasarsa da harshensa na Tamashek.

Ba a buƙatar samarin Sharaɗa su tara gashi su kwaikwayi Turawa. Darasin faya-fayan nan ya fi haka sauƙi: takaicin talaka abin waƙa ne, kuma ya cancanci gwani. Kalangu da dundufa suna nan, ɗakunan ɗaukar sauti sun cika gari, abin faɗa kuwa ya yi yawa. Ya rage ga mawaƙa su yi ƙarfin hali, hukumomin tace waƙa kuma su bambance zagi da koke. Zafin da aka hana shi fita ta bakin ganga ba ya hucewa, yakan nemi wata ƙofar, kuma mazauna unguwannin da faɗan daba ya addaba sun san wace ce.