Faranti a Kan Kwale-kwale: Abin da Intanet ɗin Tauraron Ɗan'adam Zai Iya Yi wa Kogin Kwara

Kogin Kwara, wanda taswira ke kira Neja, yana shigowa Najeriya ne ta wajen Lolo a Ƙaramar Hukumar Bagudo, bayan ya yi tafiya mai nisa yana raba Jamhuriyar Nijar da Jamhuriyar Benin. Daga nan ya gangara ta ƙasar Illo, ya bi ta ƙarƙashin gadar Tuga, ya nufi Yawuri, sannan ya baje a tafkin Kainji. A wannan tsakani kogin shi ne babban titin jama'a. A kansa ake ɗaukar shanshera da albasa da busasshen kifi, a kansa ake zuwa cin kasuwa da biki da ta'aziyya, kuma akwai tungaye da tsibirai waɗanda idan damina ta kankama babu hanyar isa gare su sai ta jirgi. Abin da wannan titi ya rasa shi ne hanyar kiran taimako. Da zarar jirgi ya yi nisa da gari sai sabis ya fara ɗaukewa, a kusa da iyaka kuwa wayar takan saki layin gida ta kama na Benin, wanda kira a kansa ke cinye kuɗi kamar wutar daji.

Wannan giɓi ne ya sa zancen Starlink ya cancanci a yi shi da gaske a Bagudo. Kamfanin SpaceX na Elon Musk ya samu lasisi daga Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, a 2022, ya fara aiki a Najeriya a watan Janairun 2023, kuma ita ce ƙasa ta farko a Afirka da ta samu hidimar. Benin ta biyo baya a ƙarshen wannan shekarar, Nijar kuma a 2025. Ma'ana, a yau duk ƙasashen uku da suka haɗu a wannan kusurwa ta kogi sun halatta na'urar. A Turai da Amurka masu jiragen shaƙatawa sun daɗe da rungumar ta, suna aikin ofis daga tsakiyar teku. Lokacin da aka fito da tsarin jiragen ruwa a 2022, kuɗinsa dala 5,000 ne a wata, na'urar kuma dala 10,000, wato abin attajirai da manyan kamfanoni. Farashin ya faɗi ƙwarai daga baya, har ƙaramin jirgi mai yawo a bakin teku ko cikin kogi ya iya amfani da tsarin matafiya na yau da kullum.

Dalilin da ya sa na'urar ta dace da ruwa yana cikin yadda aka gina ta. Tsofaffin taurarin sadarwa, irin NigComSat-1R da Najeriya ta harba a 2011, suna tsaye ne a wuri guda a nisan kusan kilomita 36,000 daga ƙasa. Dole a saita musu faranti daidai, a ɗaure shi kada ya motsa, kuma saƙo kan ɗauki fiye da rabin daƙiƙa kafin ya je ya dawo. Taurarin Starlink dubbai ne, suna shawagi a nisan kimanin kilomita 550, kowanne yana zagaye duniya cikin abin da bai wuce awa ɗaya da rabi da 'yan mintoci ba. Farantinsu shimfiɗaɗɗe ne, yana bin tauraro ta hanyar lantarki, idan wannan ya wuce ya kama na bayansa. Shi ya sa tangaɗin jirgi ba ya hana shi aiki. Babban abin da yake buƙata shi ne sarari buɗaɗɗe ba bishiya ba gini, kuma babu inda ya fi tsakiyar kogi wannan. Ƙaramin samfurin da ake kira Mini bai fi kwamfutar cinya girma ba, nauyinsa ya ɗan haura kilo ɗaya, yana jan wuta tsakanin wat 25 zuwa 40. Batir guda mai ƙarfin volt 12 da amfiya 100 zai riƙe shi daga safe zuwa magariba ba tare da ya ƙare ba, farantin sola madaidaici kuma ya cika batirin washegari. Ta fuskar fasaha, babu abin da zai hana wani matuƙi a Lolo ɗaura shi a rumfar jirginsa gobe.

Sai dai tambayar da ta fi muhimmanci ita ce abin da ke kashe mutane a wannan kogi, da kuma ko intanet na cikin maganinsa. Ranar 26 ga Mayun 2021 wani jirgi da ya taso daga Jihar Neja ɗauke da mutane fiye da 150 ya tarwatse a kusa da Warrah, cikin Ƙaramar Hukumar Ngaski, kuma waɗanda aka ceto da rai 'yan kaɗan ne. A watan Yunin 2023 fiye da mutum 100 sun rasu a Patigi ta Jihar Kwara suna dawowa daga biki cikin dare. A farkon Oktoban 2024 wani jirgin ya kife da mahalarta Mauludi a yankin Mokwa, shi ma cikin dare. Sanadin kusan iri ɗaya ne a kowane karo: tsohon jirgin katako, lodi fiye da ƙima, tafiyar dare duk da cewa Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa na Cikin Gida, NIWA, ta haramta ta, kututturan itatuwa da ruwa ya shanye tun bayan kammala madatsar Kainji a 1968, da rashin rigar kariya. Mutumin da bai iya ruwa ba, idan ya faɗa kogi ba riga a jikinsa, 'yan mintoci ne ke tsakaninsa da ajali. Babu saƙon da zai kawo masa agaji cikin wannan lokaci, ko da daga wane tauraro ya sauko. Ga kuma wani aibi da 'yan talla ba su cika ambata ba: ruwan sama mai ƙarfi yana raunana siginar farantin, wani lokaci ya yanke ta na ɗan lokaci, kuma wannan ita ce sa'ar da guguwa ke kifar da jiragen. Farantin da ke ɗaure a jirgi kuwa tare da jirgin zai nitse.

Don haka duk gwamnatin da ta sayi faranti kafin ta sayi riguna ta juya lissafi. Wannan ya kamata a faɗe shi a fili, domin 'yan siyasa sun fi son abin da ke ƙyalli a hoton bikin ƙaddamarwa, rigar kariya kuwa ba ta da wannan kwarjini.

Duk da haka kuskure ne a ce na'urar ba ta da wurin zama a kogin. Amfaninta yana gabanin tashin jirgi da kuma bayan aukuwar haɗari, shi ya sa wurin da ya fi dacewa da ita shi ne kwata, inda ake lodi. Abin da ya fi ƙona rai bayan haɗarin Warrah shi ne yadda aka yi ta saɓani kan adadin waɗanda ke cikin jirgin, domin babu takardar sunaye da kowa ya yarda da ita. Iyalai sun yi kwanaki a gaɓa suna jiran gawar da ba su da tabbacin tana cikin ruwa. Da a ce kowace babbar kwata tana da faranti guda da magatakarda guda, to kafin jirgi ya tashi za a ɗauki hoton takardar fasinjoji da na lodin, a aika wa kwatar da zai sauka da ofishin NIWA na Yawuri. Jirgin da ya kamata ya iso ƙarfe huɗu, idan biyar ta yi ba a gan shi ba, akwai wanda ya sani kuma akwai wanda zai kira. Sanin cewa hoton lodi ya riga ya isa hannun hukuma ma kaɗai zai sa mai jirgi ya yi tunani sau biyu kafin ya ƙara babura goma a kan buhunan da suka riga suka danne jirgin.

Haka nan labarin ruwa. Kwara na cika sau biyu a shekara a wannan yanki: cikar damina wajen Agusta zuwa Oktoba, da wata cikar da ke isowa cikin hunturu daga ruwan da ya sauka tun can tsaunukan Gini, ya yi watanni yana ratsa fadamun Mali. Hukumar Raya Kogin Neja mai hedikwata a Yamai tana auna tashin ruwan, Hukumar Hasashen Yanayi ta Najeriya, NiMet, tana fitar da gargaɗin hadari da iska. Duk wannan ilmi yana nan, amma yana ƙarewa ne a allon kwamfutar wani ofis a birni. Sarkawa da sauran masunta sun gaji karanta kogi daga kakanni, kuma babu na'urar da za ta maye gurbin idon Sarkin Ruwa, sai dai ido ba ya hango hadarin da ke haɗuwa a nisan kilomita ɗari. Saƙon murya na minti ɗaya da Hausa ko Zabarmanci, wanda ya iso kwata da asuba, ya wadatar.

Lissafin kuɗi ma yana goyon bayan kwata. A 2025 kuɗin wata na tsarin gida ya kai naira 57,000, bayan da NCC ta ƙi amincewa da yunƙurin kamfanin na kai shi 75,000 a Oktoban 2024, babbar na'urar kuma a lokacin tana kan naira 590,000. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa naira 70,000 ne. Tsarin da ke ba da damar amfani a cikin tafiya ya fi na gida tsada. Matuƙin da ke fama da kuɗin fetur da gyaran inji ba zai ɗauki wannan shi kaɗai ba. Amma idan jirage arba'in na kwata guda suka raba naira 57,000, kowanne zai biya ƙasa da naira hamsin a rana. Ko da an koma tsarin 'yan kasuwa, wanda shi ne ya dace da amfanin jama'a da yawa, ya ninka haka sau biyu ko uku, bai kai kuɗin fasinja ɗaya ba. Na'urar kanta ya kamata ta fito daga Asusun Wadata Ƙasa da Sadarwa, USPF, wanda dokar sadarwa ta 2003 ta kafa don wuraren da kamfanonin waya ba sa ganin riba a cikinsu. Idan tungayen bakin Kwara ba su shiga wannan ma'anar ba, da wuya a san wanda ya shiga.

Jiragen da ya kamata su ɗauki faranti a jikinsu iri biyu ne kawai: jiragen ceto, da manyan jiragen kasuwa masu tafiyar sa'o'i da yawa. Sauran ƙananan kwale-kwale oba-oba ta ishe su, irin wadda ke magana da kwata kai tsaye, ba ta buƙatar kuɗin wata, wasu samfuranta ma suna yawo a kan ruwa idan sun faɗa.

Akwai hujja mai nauyi da jami'an tsaro za su kawo, kuma ba ta wasa ba ce. A Nuwamban 2024 rundunar soja ta bayyana ɓullar Lakurawa a Sakkwato da Kebbi, a watan ne kuma aka kashe mutane a Mera ta Ƙaramar Hukumar Augie. A tsallaken iyaka, 'yan bindigar JNIM sun kashe sojojin Benin da dama a yankin gandun dajin W cikin 2025. Masu bincike kan fasa-ƙwauri sun nuna cewa ƙungiyoyi masu ɗauke da makamai a Sahel suna amfani da Starlink da aka shigo da shi ta ɓarauniyar hanya. Na'urar da ba ta buƙatar turken sadarwa tana kuɓuce wa hanyoyin bibiya da aka saba da su, kuma jirgin da ke ɗauke da ita zai iya zama idon masu fasa-ƙwaurin fetur ko makamai.

Amma wannan hujjar, idan aka bi ta zuwa ƙarshe, tana nuna akasin abin da ake so ta nuna. Masu laifin sun riga sun mallaki na'urar ba tare da sun nemi izinin kowa ba. Hana ta ga ƙungiyar matuƙa zai bar kogin a hannun wanda ke da ita kaɗai. An gwada irin wannan dabara a Satumban 2021, lokacin da aka katse layukan waya a Zamfara da sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna. Ɗan kasuwa da mai jinya da mai son sanar da zuwan mahara su ne suka ji jiki, 'yan bindigar kuma suna nan bayan an maido da layukan. Faranti mai rajista da sunan ƙungiya, a kafe a wurin da Kwastam da 'yan sandan ruwa suka sani, ya fi sauƙin sa ido a kai fiye da wanda aka naɗe cikin buhun masara.

Abin da ya rage shi ne batun iyaka. Tun bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 aka rufe gadar da ta haɗa Malanville da Gaya, kuma ko da Benin ta buɗe nata ɓangaren a 2024, Nijar ta bar nata a rufe. Jama'a da kaya suka koma kan kwale-kwale. Kogin ya ƙara cunkoso a daidai lokacin da hukumomin ƙasashen suka rage magana da juna. Jirgin da ya kife tsakanin Madekali da Lolo ruwa zai gangaro da mutanensa cikin Najeriya, wanda zai fara isa gare su kuwa masunci ne na kusa, ko ɗan wace ƙasa ne. Shugabannin matuƙa na Lolo da Malanville da Gaya sun san juna, suna jin Dendi da Zabarmanci da Hausa, da yawansu ma surukan juna ne. Zauren WhatsApp guda da ya haɗa kwatocin uku, kowacce da farantinta mai lasisin ƙasarta, ba ya buƙatar taron ministoci kafin ya fara aiki. Abin da yake buƙata daga gwamnatin Kebbi da NIWA shi ne su amince da shi a rubuce, su sa jami'insu a ciki, su kuma ajiye jirgin ceto mai mai a tanki a Lolo da Tuga, domin kiran da ya iso ya tarar da wanda zai tashi.