Kafin ka yi wa sabon jirgin yaƙi tafi, tambayi wa zai ba shi mai

Ɗan uwa, na san kana cikin masu wannan musun. Da zarar wani ya ɗora hoton jirgin yaƙi a Facebook ko TikTok, sai wajen sharhi ya koma gidan kallon ƙwallo. Wannan ya ce Rafale na Faransa ne uban tafiya, wancan ya ce J-10 na China ya gama da shi, wani kuma ya rantse babu kamar F-35. Lokacin rikicin Indiya da Pakistan a watan Mayun 2025 har gaba wasu suka yi a kan haka. Musun yana da daɗi, ba laifi. Amma akwai jirgin da ban taɓa ganin ka sa a sitatus ba, alhali da yawan waɗannan gwanayen naka ba sa nisa sai da shi.

Tankar sama nake nufi, wato jirgin da ke ɗura wa wani jirgi mai suna cikin tafiya. Jirgin yaƙi akwai shan mai, ga tankinsa ƙarami, kuma duk bam ɗin da aka ƙara masa yana rage masa nisan zango. Shi ya sa ake tura masa gidan mai har sama. Ko dai tankar ta miƙo dogon bututun ƙarfe a soka a bayan jirgin, ko ta saki tiyo mai baki kamar kwando, matuƙi ya lallaɓo ya zura nasa bututun a ciki. Duk wannan ana yin sa ne ana gudun ɗaruruwan kilomita a awa, wani sa'in cikin dare.

Ka tuna harin da Amurka ta kai wa cibiyoyin nukiliyar Iran a watan Yunin 2025? Kowa B-2 yake ta yaɗawa. Guda 7 ne suka taso daga jihar Missouri, suka yi kusan awa 18 a sama kafin su isa. Amma jiragen da suka shiga aikin sun haura 125, kuma gommai daga ciki tankoki ne. Abin da zai ba ka mamaki, tankar da Amurka ta fi dogaro da ita, KC-135, tun 1957 ta fara aiki, kuma ta ƙarshe an ƙera ta a 1965. Wato jirgin da ya girmi iyayen da yawa daga cikinmu shi ke riƙe da jirgin da kake wa kirari.

A nan kusa da mu ma an gani. A watan Janairun 2013, da Faransa ta shiga yaƙin Mali, jiragenta Rafale guda 4 sun taso daga can gida, suka yi ruwan bama-bamai a yankin Gao, suka sauka a Njamena bayan sama da awa 9, suna shan mai a hanya. Duk da haka tankokin Faransa ba su ishe ta ba, sai da Amurka ta kawo mata ɗauki da nata. Ƙasar da ke ƙera jirginta da kanta kenan fa.

To mu dawo gida. Ba cewa nake Najeriya ta ruga ta sayo tankar sama gobe ba. Yaƙinmu a cikin gida yake, Sambisa, tafkin Chadi, dazukan Zamfara da Katsina, kuma filin jirgi mai kyau a kusa da wajen fama zai iya yin maganin nisa. Darasin tankar shi ne, ƙarfin sojan sama yana jikin abubuwan da ba sa kyau a hoto: mai, kayan gyara, makanikai, horon matuƙa, da sahihin bayanan sirri. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Mun taɓa shan wannan ɗacin. A farkon shekarun 1980 Najeriya ta sayi jiragen Jaguar guda 18 daga Ingila, a lokacin ba ƙananan jirage ba ne. Ba su cika shekara 10 suna tashi ba aka jingine su saboda tsadar riƙo, suka yi ta shan rana a Makurdi. Kuɗin sayen doki muka tara, muka manta da harawa.

Yanzu kuma ana sabon zubi. A 2018 gwamnatin Buhari ta biya dala miliyan 496 don Super Tucano guda 12, suka fara isowa a 2021, aka zaunar da su a Kainji. A shekarar ne kuma aka karɓi JF-17 guda 3 daga Pakistan. Akwai jirage masu saukar ungulu T129 daga Turkiyya, ga kuma cinikin M-346 guda 24 da kamfanin Leonardo na Italiya. Na ga yadda wasu suka yi ta yi wa Tucano dariya wai mai farfela ne, kamar na zamanin yaƙin Hitila. Amma ga mai farautar 'yan bindiga a kan babura, jirgin da zai daɗe yana shawagi a hankali, matuƙi yana ganin ƙasa, kuma awa ɗaya a sama ba ta cinye kuɗi mai yawa, ya fi mai gudun walƙiya amfani.

Inda hankalina bai kwanta ba shi ne wannan tsince-tsincen. Na Amurka, na Pakistan, na China, na Turkiyya, na Italiya, ga tsofaffin Alpha Jet da jiragen Rasha. Akwai hujja, domin wanda ya dogara da ƙasa ɗaya, ranar da ta juya masa baya ya shiga uku, kuma mun gani a 2014 da Amurka ta hana a sayar mana da jiragen Cobra. Sai dai kowane iri da nasa kayan gyaran, da nasa makanikan, da nasa horon. Duk wanda ya taɓa ajiye mota wata uku a gareji yana jiran wani ɗan ƙarfe daga waje ya san abin da nake faɗa.

Sannan ga babbar magana, rai. Ranar 17 ga Janairun 2017 jirgin sojan sama ya jefa bam a sansanin 'yan gudun hijira a Rann, jihar Borno, aƙalla mutum 90 suka mutu. Ranar 3 ga Disamban 2023 jirgi maras matuƙi na sojan ƙasa ya faɗa wa masu Mauludi a Tudun Biri, jihar Kaduna, aka rasa aƙalla mutum 85. A duka biyun makamin ya sauka inda aka aika shi. Waɗanda suka aika ne ba su tantance su wa ke ƙasa ba. Sabon jirgi ba ya gyara wannan, sai an gyara yadda ake tattara bayani da yadda ake ba da umarnin harbi.

Don haka idan aka sake ɗora hoton sabon jirgi ana yanka ƙyalle, ka yi murnarka, amma ka ƙara da tambaya. A cikin waɗanda aka saya a baya, nawa ne ke tashi yau? Nawa aka ware na gyara a kasafin bana? 'Yan Najeriya nawa aka horar su kwance injin su ɗaura ba sai an kira bature ba? Rahoton binciken harin kuskure, an fito da shi kowa ya gani? Ka aika wa ɗan majalisarka, ka yi masa tagin, kuɗin nan daga aljihunmu ya fita.

Idan kuma da gaske jirage na burge ka, akwai Cibiyar Fasaha ta Sojan Sama a Kaduna, garin da aka ƙaddamar da jirgi maras matuƙi Tsaigumi a 2018, akwai kuma kwalejin koyon tuƙin jirgi a Zariya. Ka nemi fom. Waɗancan jiragen 24 za su buƙaci masu riƙe sifana, kuma ba daga wajen sharhi za a ɗauko su ba.