Teku Ya Yi Zafi, Kifin Talaka Ya Gudu: Laifin Wa?

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Allah Ta'ala Ya hore wa ɗan Adam teku domin ya ci abinci daga cikinsa, amma amana Ya ba shi, kuma zai tambaye shi. Aya ta 41 ta Suratur Rum ta ɗora alhakin ɓarnar tudu da ta ruwa a wuyan mutane. Wanda ke neman tafsirin wannan a aikace, ya dubi gaɓar tekun Atlantika a ƙasashen Senegal, Gambiya da Muritaniya.

Akwai wani ɗan kifi mai arha da mutanen Senegal ke kira yaboy, masana kuma sardinela. Shi ne naman talaka a can. Rayuwarsa ta rataya ne a kan ruwan sanyi da ke tasowa daga ƙasan teku ɗauke da taki, wanda ke raya ƙananan halittun da yake ci. To, hayaƙin masana'antu da na motoci ya ɗumama duniya, teku kuwa shi ke shanye kusan kashi 90 cikin 100 na wannan ƙarin zafi. Da ruwan ya ɗumama, sai masu bincike suka ga kifin yana ƙaura zuwa arewa, wajen Maroko. Shi jirgin attajiri zai bi shi duk inda ya je. Mai kwalekwale fa?

Abin takaici, nahiyar Afirka duka ba ta fitar da ko kashi 4 cikin 100 na wannan hayaƙi. Wasu suka hura wuta, raunana ke ƙonewa. An ƙulla yarjejeniyar Paris a 2015, amma Amurka ta fice a 2020, ta dawo a 2021, sannan a Janairun 2025 shugabanta ya sake sa hannu a takardar ficewa. Wannan ita ce alƙawartawar ma'abota girman kai!

Zaluncin bai tsaya nan ba. Ɗan kifin da ya rage, masana'antu a garuruwa irin su Nuwadibu suna niƙe shi ya zama gari da mai, a kai Turai da Asiya a ciyar da dabbobi da kifin kiwo. Rahoton ƙungiyar Greenpeace na 2021 ya ce fiye da tan dubu 500 ake niƙewa duk shekara, abin da zai ciyar da mutum miliyan 33. Aladen Turai ya ƙoshi, marayan Dakar ya kwana da yunwa. Shi ya sa matasan masunta ke cika kwalekwalensu da mutane maimakon kifi, su nufi tsibiran Kanari na Sifen. Sama da mutum dubu 46 suka isa can a 2024, ban da waɗanda teku ya ci.

Wani zai ce ai dukiyar Allah ba ta ƙarewa. Haka ne, amma Wanda Ya halicci kifin Shi ne Ya haramta almubazzaranci. Kuma kariya tana yiwuwa. A 1976 Muritaniya ta keɓe yankin Banc d'Arguin, inda kifaye ke hayayyafa, aka hana jiragen su masu inji shiga, aka bar masuntan Imragen da kwalekwalensu na filafilai. Ashe idan an so, ana iyawa.

Don haka wajibi ne mahukuntan waɗannan ƙasashe su hana niƙa kifin da mutane ke ci, su tsare wuraren hayayyafarsa, su daina sayar da tekun al'umma ga jiragen baƙi. Malamai kuma su faɗa a kan mumbari cewa cin amanar halittun Allah zunubi ne, ko a tudu ko a ruwa. Musulmi ɗan'uwan Musulmi ne, yin shiru a kan yunwarsa ba uzuri ba ne ranar hisabi.

Allah Ya isar wa raunana. Wassalam.